Bindiga a ɗaka: tsakanin tsoron ɓarawo da tsoron maƙwabci

Duk wanda ya zauna majalisar dattawa a Birnin Ƙonni a ƴan shekarun nan, ko a mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu da ta Maraɗi, ko a rumfunan kasuwar Badagishiri, da wuya ya tashi bai ji an taɓo zancen bindiga ba. Tambayar ɗaya ce, ko da yake kowa da irin bakin da yake yin ta: shin ya kamata a bar talaka ya ajiye bindiga a ɗakinsa domin ya kare iyalinsa da dukiyarsa, ko kuwa makami na hukuma ne ita kaɗai? Masu sauraron rediyo sun saba jin wannan gardama daga Amurka, har wasu suna ɗaukar ta rigimar Turawa. Alhali kuwa ƙasar Ƙonni da Adar tana da nata tarihin a kan wannan batu, kuma tarihin ya girmi rediyo nesa ba kusa ba.

Makami ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe. A zamanin da, manomi yana da kwari da baka rataye a bango, makiyayi ba ya rabuwa da sandarsa da takobinsa, matafiyi kuwa ba ya fita gari ba wuƙa a damtse. Bindiga daga baya ta zo, sunanta ma aro ne daga Larabci, kuma ta fi zama a hannun ƴan bindigar sarki da maharba. Abin lura a nan shi ne, mutum ba ya zama maharbi don kawai ya mallaki makami. Harbi sana'a ce ta gado, ana koyon ta shekara da shekaru a bayan wani babba, kuma tana da shugabanta, wato sarkin baka, wanda ke raba gardama idan an yi jayayya a kan nama, yake kuma tsawata wa wanda ya ƙetare iyaka. Farauta ita ma tana da lokacinta. Garin Masalata da ke kusa da Ƙonni ya yi suna da bikin arwa da buɗin daji, kuma sunan bikin kansa yana nuna cewa daji yana da ƙofa, ba a shigar sa da makami sai manya sun ce an buɗe. Ke nan mutanen da sun yarda makami ya zauna a hannun talaka, amma sun ɗaure shi da suna, da lokaci, da wanda za a tuhuma idan an yi ɓarna.

Dokar farko ta rubuce da ta shafi bindiga a wannan yanki daga waje ta zo, kuma ba domin lafiyar talaka aka yi ta ba. A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka rattaba hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Burusel, wadda ta hana sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, aka bar musu irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda Hausawa ke yi wa kirari da harba-ka-ruga. Shekara tara bayan haka, a watan Mayu na 1899, ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya iso Birnin Ƙonni. Mutanen gari suna da ganuwa da kibau da masu, baƙin kuwa suna da bindigogi masu saurin harbi. Aka ƙone garin, aka kashe jama'a mai yawan gaske, waɗanda suka tsira suka watse cikin daji. Wanda kakanninsa suka ga wannan rana ba ya bukatar a karanta masa littafi kafin ya san abin da ke samun wanda aka tarar hannu wofi. Saboda haka idan dattijon Ƙonni ya ji an ce a karɓe makamai ya ɓata fuska, bai kamata a yi saurin kiransa jahili ba.

Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnatin Nijar ta riƙe ƙa'idar da ta gada, wato bindigar yaƙi ta soja ce da jami'an tsaro, farar hula kuwa ba ya riƙe bindiga sai da takardar izini daga hukuma. Tawayen arewa na shekarun 1990 ya cika ƙasa da makamai, shi ya sa a 1994 aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai, wadda aka fi sani da CNCCAI. Aka yi sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, sannan ranar 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi fiye da dubu a Agadas aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Ƙasashen CEDEAO su ma sun dakatar da shigo da ƙananan makamai a 1998, suka mai da matakin yarjejeniya a 2006, tun Nijar tana cikin ƙungiyar kafin ficewarta a 2025. A wancan lokaci mutum yakan loda albasar Galmi ko simintin Malbaza ya kama hanya da dare, abin da ya fi damunsa shi ne ramukan hanya.

Al'amari ya sauya bayan faɗuwar gwamnatin Libiya a 2011, lokacin da aka fasa rumbunan makamai suka bazu cikin Sahara. A daidai wannan lokaci kuma satar shanu a Zamfara ta rikiɗe ta zama fashin daji, ta yaɗu zuwa Katsina da Sakkwato. Tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya ƴan kilomitoci ne, dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya, kuma hanyoyin da babura ke bi da man fetur da shinkafa su ne masu makami ke bi. Satar mutane domin kuɗin fansa, wadda da sai dai a ji ta a labari, ta shigo ƙauyukan bakin iyaka. A watan Oktoba na 2020 aka sace wani Ba'amurke a Masalata, garin buɗin daji, kuma cikin ƴan kwanaki sojojin ƙasarsa suka ƙwato shi a arewacin Najeriya. Talakawa sun ga wannan, sun kuma san cewa idan ɗansu aka ɗauka ba jirgin da zai tashi dominsa. Ranar 21 ga Maris 2021 aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, a arewacin jihar Tawa, a yini guda.

Daga nan ne hujjar masu son a bar kowa da bindigarsa take samun ƙarfi, kuma hujja ce mai nauyi. Manomin da ke kwana a wani ƙauyen Allela ko Bazaga yana cewa dokar hana makami shi kaɗai ta hana, domin ɓarawo bai taɓa zuwa neman izini ba. Yana cewa kafin jandarmomi su ji labari su iso, an riga an kora shanun an ƙetare iyaka. Yana cewa tsaron kaya ya fi ban cigiya. Akwai ma masu mulki da suka goyi bayan wannan magana a ƙetaren iyaka. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu, kuma a watan Yuni na 2022 takwaransa na Zamfara, Bello Matawalle, ya ce mutanen jiharsa su nemi lasisin riƙe bindiga, ko da yake hukumomin tsaron tarayya sun ce ba shi da wannan iko.

Sai dai akwai tambayar da mai wannan hujja ba ya cika tsayawa a kanta: ɓarawo dare ɗaya yake zuwa, ko ma bai zo ba sam, to me bindigar take yi a sauran darare na shekara? Tana nan a ɗaka ranar da aka yi saɓani a kan gadon gona. Tana nan ranar da saurayi ya sha ƙwaya ya dawo gida ido jajur. Tana nan musamman a ƙarshen damina, kafin a saki gonaki, lokacin da garke ke gangarowa kudu, burtali ya ƙuntace, hatsi kuma yana tsaye ba a gama girbe shi ba. Mutanen wannan yanki sun san abin da wannan lokaci yake haifarwa. A Toda, cikin jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, an kashe mutum fiye da ɗari, mafi yawansu mata da yara na Fulani, a kan rikicin manoma da makiyaya. A Bangi, cikin gundumar Madawa, a watan Nuwamba na 2016, mutum 18 suka rasa rayukansu a irin wannan rikici. Irin waɗannan faɗace-faɗace an saba yin su da sanda da adda da kibiya da wuta. Sai mai karatu ya auna da kansa yadda lissafin zai kasance idan kowane ɓangare yana da bindigar da ke zubar da harsashi talatin kafin a sake ɗura ta.

Abin da ya faru a maƙwabta ya isa darasi. A Zamfara ƴan sa-kai sun tashi ne domin kare garuruwansu, amma da yawa daga cikinsu suka koma kama duk Bafillacen da suka gani a kasuwa, waɗanda aka kashe wa dangi kuma suka shiga daji suka sayi nasu makaman, ramuwa ta bi ramuwa har aka rasa gane wanda ya fara. A Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato, masu bincike sun bayyana cewa wasu shugabannin gari ne da kansu suka gayyato mutanen da yanzu ake kira Lakurawa domin su kore musu ɓarayin shanu, baƙin suka kori ɓarayin, sannan suka zauna suna karɓar shanu da sunan zakka, suna yanke hukunci, suna bulale matasa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ko a inda niyya take da kyau, ƙarfin bai cika kai wa ba. A watan Nuwamba na 2021 ƴan sintirin Banibangu, a jihar Tilaberi, suka fita neman maharan da suka addabe su ƙarƙashin jagorancin magajin garinsu, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka mutu har da shi. Akwai kuma wani abu da ake mantawa: manomin da ya sayar da sa ya sayi bindiga a ɓoye, kuɗinsa yana shiga aljihun dillalin da ke sayar wa ɓarawon da yake tsoro.

Masu kawo misalin Amurka suna da abin dubawa. Tsarin mulkin ƙasar ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami tun 1791, kuma an ƙiyasta a 2017 cewa akwai bindiga kusan 120 ga kowane mutum ɗari, amma hakan bai hana a shiga makarantu a harbe yara ba. Ostireliya ta bi wata hanya bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnati ta sayi bindigogi kusan 650.000 daga hannun jama'a ta lalata su. Sai dai mutumin Ostireliya ya miƙa tasa ne yana da tabbacin idan ya yi kira za a zo. Wannan tabbaci shi ne ginshiƙin maganar duka. Hukumar da ta ce wa talaka ya ajiye makami ta ɗauki bashi a wuyanta, kuma da tsaro ake biyan bashin: jami'ai kusa da ƙauyukan iyaka, amsa kira kafin gari ya waye, da alƙalin da ba ya sakin ɓarawon da aka kama da shanu a hannu. Duk ranar da ta kasa biya, hujjar masu son bindiga tana ƙara ƙiba, kuma ba wa'azin da zai rage ta.

Tsakanin a ba kowa da a hana kowa, hikimar maharba ta da tana da abin cewa. Makamin da aka san mai shi, aka san inda yake kwana, aka san babban da zai amsa tambaya a kansa, daban yake da wanda aka binne a bayan rumbu. Idan har gari zai yi ƴan sintiri, to su kasance sanannu ga maigari da sarki da jami'an tsaro, manomi da makiyayi su zauna a cikinsu tare, aikinsu ya tsaya ga gadi da kai labari, hukunci kuma a bar wa masu shi. Sintirin da ƙabila ɗaya ta kafa, ko ba jima ko ba daɗe, wata ƙabilar zai fuskanta. Haka nan kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, idan suka shata burtali suka tsare mashaya kafin damina, sun kwance bindigogi da yawa tun ba a saye su ba.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suna da rabonsu a wannan aiki, domin yaron da zai riƙe bindiga nan da shekara goma yau yana zaune a aji, ɗan manomi da ɗan makiyayi a kan benci ɗaya. Ya kamata a koya masa abin da ya faru a Ƙonni a 1899 domin ya san darajar kare gida, a kuma koya masa abin da ya faru a Toda a 1991 domin ya san abin da makami ke yi idan ya juyo cikin gida. Tsofaffin maharba na Illela da Malbaza da Ƙonni suna nan da sauransu, kuma suna raguwa. Ƙungiyar da ta je ta zauna da su, ta rubuta ƙa'idodin sana'arsu, da yadda ake horon mai koyo, da dalilin da ya sa ba a miƙa wa yaro mai zafin rai makami, za ta adana abin da makarantu za su daɗe suna amfani da shi.