Ɗanwaken Inna da Baƙuwa daga Folan

A unguwar Madaki cikin garin Gombe aka haife ni, kuma da kuɗin ɗanwake na yi karatu. Kullum da asuba Inna takan haɗa garin wake da na rogo da kuka, ta kwaɓa da ruwan kanwa, ta riƙa gutsura tana jefawa cikin tafasasshen ruwa. Ni ke ɗaukar talla kafin in tafi firamare. Da na shiga jami'a sai na ɓoye wannan tarihi. Duk wanda ya tambaye ni sana'ar mahaifiyata sai in ce kasuwanci take yi, in ja bakina.

Ana nan sai wata ɗaliba Baturiya ta zo sashenmu ziyarar bincike. 'Yar ƙasar Folan ce, ta koyi Hausa a Jami'ar Warso, inda masana irin su Farfesa Nina Pawlak suka daɗe suna nazarin harshenmu. Muka shaƙu, har ta matsa sai ta bi ni gida hutu. Na yi ta kwana-kwana, amma ta ƙi haƙura.

Washegarin isarmu, tun kafin in farka ta riga ta tsugunna a madafa. Na tarar tana cewa, "Inna, don Allah ya ake gane ya dahu?" Inna ta ce, "'Yata, in ya taso saman ruwa, sai ki ƙara masa ɗan lokaci ki tsame." Sai baƙuwa ta tafa hannu, ta ce ai haka kakarta ke gane nasu.

Nasu ana kiransa pierogi, wato "fiyerogi" a bakinmu. Kalmar jam'i ce, tilonta pieróg. Garin alkama ake kwaɓawa, a murza ya yi faɗi, a yanka da bakin kofi, a zuba haɗi a tsakiya, a ninke kamar rabin wata, a manne baki, sannan a jefa a ruwan zafi. Wanda aka fi sani shi ne na dankalin turawa da farin cuku da albasa. Akwai na kabeji mai tsami da lemar kwaɗi irin wadda ake ci, wanda iyalai ke yi a daren 24 ga Disamba, jajibirin Kirsimeti, da ba a cin nama. Ta kuma ja kunnena cewa na nama sau da yawa alade ne, in na je can in tambaya.

To, ga inda abin ya shafe mu masu nazarin harshe. Turanci kalma ɗaya yake jefa wa ɗanwake da pierogi da jiaozi na Sinawa, duk a kwando guda. Amma pierogi riga ce da abu a ciki, ta wannan fuska ya fi kusa da samosa, sai dai ita soya ta ake yi. Ɗanwake kuwa ba ya ɓoye komai, daɗinsa daga waje yake zuwa: man gyaɗa, yaji, ƙwai da tumatir. Mai fassarar da ya ce pierogi "ɗanwaken Turawa" ne ya dace da hanyar dahuwa, amma ya yaudari mai ci.

Da rana ta yi mana nata. Inna ta ɗanɗana, ta yi shiru, sannan ta ce, "Da daɗi, amma ba ya da kuka, miƙo min yaji." Baƙuwa kuwa kwano biyu ta tashi da shi na ɗanwake, tana rubuta ma'aunin kanwa a littafinta, tana alfahari da cewa kakarta ma girki ne sana'arta.

Wallahi kunya ta kama ni. Ta tsallako ƙasashe tana tutiya da tukunyar kakarta, ni kuwa ina ɓoye tukunyar da ta biya min kuɗin rajista. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaya nakan ce masa Inna mai ɗanwake ce a Madaki. Allah Ya ƙara mata lafiya da nisan kwana, amin.