Ba Kowace Shekara Ake Rubutawa a Kwalba Ba

'Yan'uwa, a watan Satumba na 2021 na yi kwana goma ina tsinkar inabi a wata gona kusa da garin Épernay, a yankin Champagne na ƙasar Faransa. Rashin kuɗi ne ya kai ni. Na faɗi jarrabawa a jami'ar da nake karatu, dole in maimaita aji, guzurina kuma ya kusa ƙarewa. Baba bai sani ba. Duk ran da ya kira daga gida, sai in ce masa karatu lafiya lau.

Ita ma gonar ta sha wuya a shekarar. A watan Afrilu sanyi ya daskarar da raɓa, ya kashe sabon tohon kuringa. A Yuli ruwa ya yi ta zuba, fumfuna ta kama ganye da 'ya'ya. Dokar yankin ta hana girbi da inji, don haka kowannenmu yana riƙe da almakashi da bokiti, a duƙe tun safe har yamma.

Da yake gwargwadon nauyi ake biyan mu, sai na fara wayo. In na ga nonon inabi da ya soma ruɓewa, sai in jefa shi ƙasan bokiti, in rufe da masu kyau. A rana ta uku mai gonar, wani dattijo, ya juye bokitina a gabana. Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa yana ware ruɓaɓɓun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Ɗana, kilo 4,000 muke matsewa a tashi ɗaya, lita 2,550 kawai doka ta yarda mu ɗiba. Abin da ka ɓoye a nan, a can zai fito, cikin na kowa." Na rasa inda zan sa fuskata.

Daren da aka gama girbi aka yi mana liyafa. Dattijon ya fito da kwalbar shamfen mai rubutun 2012. Ya san ba na shan giya, sai ya zuba mini ruwan inabin da aka matse a ranar. Amma na yi tambaya, shi kuwa bai gaji da bayani ba. Yawancin shamfen, in ji shi, haɗi ne na shekaru daban-daban, shi ya sa ba a rubuta masa shekara. Wanda aka rubuta wa shekara na girbi ɗaya ne, kuma sai ya yi aƙalla shekara uku a kwance a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da aka haƙa cikin alli. Kumfarsa kuwa a cikin kwalbar take samuwa, bayan an ƙara sukari da yis an toshe baki.

Ya ce 2012 ta zo da sanyi da ƙanƙara da fumfuna, amfani ya yi kaɗan, ga shi yanzu ana lissafa ta cikin shekaru mafi kyau. Na yi wuf na ce, "Ashe wahala ce take sa shi daɗi." Ya yi dariya. "A'a, wahala ɓarna ta yi mana. Rana ce ta fito a Agusta ta nunar da ɗan abin da ya rage, mu kuma muka zubar da duk abin da ya ruɓe." Na ce, "Bana fa?" Ya ɗaga kafaɗa. "Ina jin bana ba za ta hau kwalbata ba. Zan haɗa ta da abin da na ajiye a shekarun baya, mu samu na sayarwa."

Maganar nan ta hana ni barci. Mun saba ƙarfafa juna da cewa bayan wuya sai daɗi, ni ma da ita nake lallashin kaina, kamar wahalar kanta za ta gyara ni ina zaune. Alhali abin da na yi da bokiti shi nake yi da Baba: ruɓaɓɓe a ƙasa, lafiya lau a sama. Na kuma gane cewa wata shekarar mummuna ce kawai, ba a fita daga cikinta sai an jingina da abin da aka tara tun da. Ni abin da na tara shi ne amincewar iyayena, ita kuma nake ɓatawa da ƙarya.

Washegari, ina jiran jirgin ƙasa, na kira shi na faɗa masa komai. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can ya ce, "Me ya sa ka ɗauki wannan kaya kai kaɗai?"

Na maimaita ajin, ba kuwa da sauƙi ba. 'Yan'uwa, in akwai wanda kuke ce wa lafiya lau alhali ba haka ba ne, ku kira shi a makon nan.