Kano zuwa Mumbai: wai kafin La'asar har ya sauka?

Mu da muka taso da kallon finafinan Indiya, ji muke kamar Bombay a bayan gidanmu take. To jama'a, da nisa. Daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa na Mumbai, sunan da birnin ya koma tun 1995, kimanin kilomita 6,900 ne. Da akwai jirgi mai zuwa kai-tsaye, da zai yi awa takwas zuwa tara a sama. Babu shi. Dole ka yada zango, misali a Addis Ababa: kusan awa biyar kafin ka isa can, sai wata biyar ɗin ka tsallake teku, ban da zaman jiran jirgi na biyu.

Abin da ya sa na yi wannan lissafi, kallon fim ne aikina, kuma na gaji da ganin Alhaji ya yi sallama da Hajiya bayan Azahar, a nuno jirgi ya ɗaga, kafin La'asar ya bugo waya wai ya sauka Indiya lafiya. Haba darakta!

Ga kuma agogo. Indiya na gabanmu da awa huɗu da rabi. In Hajiya ta kira shi ƙarfe takwas na dare, can sha biyu da rabi ne, amma sai ka gan shi a lambu da rana tsaka yana shan lemo. Cikin masu kallon nan fa akwai 'yan kasuwa da waɗanda suka kai majinyaci asibiti a Indiya, sun san wahalar hanyar, dariya kawai suke mana. Rubuta "Washegari" a ƙasan hoto ko kuɗin lemon nan bai kai ba.