Ɗigo ashirin a hannun 'yar shekara uku

Autata tana da shekara uku da 'yan watanni na sayo mata littafin haɗa ɗigo. Irin wanda ake warwatsa ɗigo a shafi, kowanne da lambarsa, yaro ya ja layi daga 1 zuwa 2, daga 2 zuwa 3, har surar kifi ko tsuntsu ta fito. Na buɗe mata shafi mai ɗigo 20, saboda kullum ina jin ta tana rera ƙidaya har ashirin ba gargada.

Ta kai 5 lafiya. Daga nan ta tsallaka kan 9, tana cewa shida ce. Na gyara mata, ta sake. Na ɗaga murya. Da na ga layinta yana karkacewa, sai na danne hannunta da nawa, na ja fensirin har kifin ya fito, na ce, "Ga shi kin yi." Ba ta yi ba, kuma ta san ba ta yi ba. Kwana uku muna haka. A na huɗu, tana ganin littafin ta ɓoye hannuwanta a baya, ta fashe da kuka. Har yau idan na tuna hannuwan nan sai zuciyata ta sosu.

Laifina ne. Na ɗauka rera ƙidaya shi ne sanin lamba. Ashe waccan hadda ce ta kunne, kamar waƙa. Gane 6 a rubuce aikin ido ne daban. Ga wanda bai saba ba, 6 da 9 abu ɗaya ne aka kifa, 12 da 21 kuma lambobi ɗaya ne suka sauya wuri. Hannun ma bai nuna ba. Dunƙule fensiri take yi a tafi, kamar yadda sa'o'inta ke yi. Riƙo da yatsu uku yakan zauna ne tsakanin shekara 4 zuwa 6, kuma a shekarunta wasu ƙasusuwan wuyan hannu guringuntsi ne tukuna.

Mahaifiyata ce ta tsawatar mini. "Ke, saki hannun yarinyar nan. Haka na yi miki?" Na ce, "A'a, Inna." Ta share ƙasa a tsakar gida, ta jera tsakuwa biyar, ta ce wa jikarta ta bi su da yatsa tana ƙirgawa. Ba fensiri, ba takarda, in layi ya karkace a shafe da tafi a sake. Inna ba ta taɓa jin sunan Maria Montessori ba, likitar nan ta Italiya da ta buɗe makarantar ƙananan yara a birnin Rum a 1907, wadda ita ma sai yara sun shafa haruffa da yatsa kafin ta ba su alƙalami.

Daga tsakuwa muka koma takarda, ni nake ɗiga mata manyan ɗigo biyar da kaina. Bayan wasu makonni muka kai goma. Littafin kuwa na ajiye shi kusan shekara guda.

Iyaye 'yan'uwana, kafin ku buɗe wa yaro shafi, ku rubuta lambobin a warwatse ku ce ya nuna muku 7. Inda ya tsaya, nan ɗigonsa zai tsaya. Don Allah kuma ku bar masa hannunsa.