Kujera Ɗaya Cikin 360

Kujeru 360 ne a zauren Majalisar Wakilai ta Tarayya da ke Abuja. Takwas daga cikinsu na Jihar Kebbi ne, ɗaya kuma daga cikin takwas ɗin tamu ce, mu mutanen Bagudo da maƙwabtanmu na Suru. A kan wannan kujera aka ɗora muryar manomin shinkafa na bakin Kwara, da masuncin Lolo, da makiyayin Ka'oje, da ɗan kasuwar Tsamiya wanda rabin abokan cinikinsa mazauna Jamhuriyar Benin ne. Tun ina ɗalibin kimiyyar siyasa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato nake auna nauyin wannan kujera, kuma mizanin da na fi yarda da shi shi ne abin da idona ya gani a garinmu.

Mu 'yan bakin iyaka ne, iyakar da kakanninmu ba su shata ba. A shekarar 1898 Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniya a birnin Paris, suka raba ƙasar Borgu biyu, Illo ta faɗo hannun Ingilishi. Layin ya ratsa gonaki da zumunta, ya bar Dandawa da Busawa da Fulani da Hausawa a kowane ɓangare. Goggota tana aure a wani ƙauye kusa da Malanbil, kuma a kasuwanninmu naira da sefa a aljihu ɗaya suke kwana. Saboda haka duk shawarar da aka yanke a Abuja game da iyaka, a ƙofar gidanmu take fara sauka kafin mutanen birni su karanta ta a jarida.

A takarda, Majalisar Wakilai ba ƙaramin iko gare ta ba. Sashe na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta ikon yin doka tare da Majalisar Dattawa. Sashe na 80 da na 81 sun hana a taɓa ko kwabo daga asusun gwamnati sai da amincewar majalisun biyu. Sashe na 88 da na 89 sun ba ta damar binciken kowace ma'aikata, ta kira jami'i ya zo ya yi bayani, idan ya ƙi ta sa a kamo shi. Sashe na 58 kuwa ya ce idan shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a kan ƙudirin doka, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun isa su mayar da shi doka, kamar yadda aka yi a shekarar 2000 lokacin kafa hukumar raya yankin Neja Delta. Doka da kuɗi da bincike, su ne duwatsun murhun da tukunyar majalisa take zaune a kai.

Jarrabawar wannan iko ta zo mana a watan Agustan 2019, lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu don daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da man fetur. Gaskiya ɗaya ce, manoman shinkafar Kebbi sun ga amfanin rufewar, domin shanshera ta yi daraja da shinkafar Kwatano ta ragu a kasuwa. Sai dai a watan Nuwamba na wannan shekara aka ƙara da umarnin hana kai man fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Umarnin ya zo daidai lokacin da ake shirin noman rani, kuma injin ban ruwa ba ya tashi da fatan alheri. Baffana, wanda ke da gona a fadama, ya koma tura yaro a babur da jarka zuwa nesa, ko ya saya hannun 'yan bumburutu da tsada. Ribar da rufe iyaka ta kawo masa da dama, tsadar mai ta karɓe da hagu.

A cikin watan ne Majalisar Wakilai ta tattauna batun, bisa ƙudirin da Sada Soli mai wakiltar Jibiya da Kaita a Jihar Katsina ya gabatar, ta kuma yi kira da a dakatar da umarnin. Na zo hutu na kai wa Baffa labarin ina murna.

"To, sun buɗe gidan man?" ya tambaye ni.

Na ce, "A'a Baffa, kira dai suka yi."

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai ladan ma kira shika yi, amma shi in ya yi, ana tahowa."

Baffa bai taɓa buɗe kundin tsarin mulki ba, amma ya kama bakin zaren. Matsayar da majalisa ta cimma bayan muhawara shawara ce, ba ta da ƙarfin doka, ɓangaren zartarwa yana iya karɓa, yana iya ajiye ta a aljihun tebur. An buɗe iyakokin Seme da Illela da Maigatari da Mfum a Disambar 2020, aka buɗe ta Kamba tare da wasu uku a Afrilun 2022, babu ko ɗaya a ƙasar Bagudo. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, wanda ya rage ribar fasa-ƙwaurin da aka kafa hujja da ita, sai ga 'yan majalisa sun sake miƙewa suna roƙon a ɗage wannan umarni. Roƙo ɗaya, sau biyu, tsakaninsu kusan shekara huɗu.

Wannan ba ya nufin majalisar ba ta da haƙora. A Janairun 2023, lokacin canjin takardun naira, ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Alhassan Ado Doguwa, ta gayyaci gwamnan Babban Bankin Nijeriya Godwin Emefiele. Da ya ƙi zuwa, Kakakin Majalisa Femi Gbajabiamila ya yi barazanar amfani da sashe na 89. Cikin 'yan kwanaki aka ƙara wa'adin daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu, gwamnan bankin kuma ya bayyana gaban kwamitin. Haka kuma daga wannan zaure ne Tony Nwulu ya gabatar da gyaran da ya rage shekarun takarar ɗan majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, wanda aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018. Da wannan gyara ni ma yau doka ta yarda in nemi kujerar Bagudo da Suru. Abin da na lura da shi shi ne, majalisa takan ciza idan al'amari ya taɓa birane ko ya zo dab da zaɓe, idan kuma na mutanen gefe ne sai ta tsaya a kan kira.

Ga misali mafi kusa da mu. Tun shekarar 2003 Majalisar Tarayya ta yi dokar kafa hukumar raya al'ummomin kan iyaka, don samar da ruwa da makarantu da asibitoci a garuruwa irin namu. An yi doka, dutse ɗaya ya zauna. Saura biyun su ne aikin wakili na kullum: ya tabbatar an sa wa garuruwan Lolo da Maje da Tsamiya kuɗi a kasafi, ya bi diddigi ya ga an saki kuɗin, ya zo da kwamiti ya duba ko ginin da ke takarda yana tsaye a ƙasa. Aiki ne marar kiɗa, ba a yanka masa kyalle, shi ya sa masu yinsa ba su da yawa.

Masu zaɓe ma suna da hannu a lamarin. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan ɗan majalisa da safe ya ga layin masu neman kuɗin suna da na magani da na makaranta. Ba na raina su, talauci ne ya kai su, kuma wanda ɗansa ke kwance ba ya jiran kwamiti. Amma a hankali wakili ya zama ma'ajin mazaɓa, ana auna shi da yawan babura da kekunan ɗinki da fanfunan burtsatse. A shekarun baya kimanin naira biliyan 100 aka saba warewa duk shekara don ayyukan mazaɓu, kuma ma'aikatun gwamnati ne ke aiwatar da su. Ɗan majalisar da ke jiran minista ya saki kuɗin aikinsa, da wuya ya tsare ministan da tambaya a gaban kwamiti. Hausawa sun ce idan baki ya ci, ido kan ji kunya.

Sashe na 69 ya ba mu damar kiranye, idan fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa suka sa hannu, amma tun 1999 ba a taɓa yin nasarar dawo da ko ɗan majalisar tarayya ɗaya gida ta wannan hanya ba. Ranar zaɓe ce kaɗai ranar hisabin da ta rage a hannunmu, kuma ya kamata mu shige ta da tambayoyi. Wace doka ka kawo ko ka gyara da ta shafi mazauna iyaka? Nawa aka sa wa garuruwanmu a kasafi, nawa aka saki? Wane jami'i ka sa aka kira ya yi bayani a kan halin da muke ciki? Da aka yi watsi da matsayar majalisa, me ka yi washegari?

Ina fatan in ga ranar da ɗan takara zai tsaya a kasuwar Tsamiya, wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi ta yi masa ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi kafin ta karɓi atamfarsa, shi kuma ya san cewa ƙuri'arta tana rataye da amsar da zai ba ta.