Ladan Tafinta

Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Sifili da ɗaya kaɗai take ganewa. Duk mai son ya ba ta umarni, ko dai ya sauka ya yi magana da abin da ya yi kusa da harshenta, ko kuwa ya nemi tafinta. A nan harsunan rubuta manhaja suka rabu gida biyu: na ƙasa, irin su Assembly da C, waɗanda ke jingine da ƙarfen na'ura, da na sama, irin su Python, waɗanda suka fi kusa da tunanin ɗan Adam. Abin da ya dame ni a wannan sana'a shi ne, tafinta ba ya aiki kyauta, kuma sau da yawa ba wanda ya ɗauke shi aiki ne ke biyan ladansa ba.

Lokacin da John Backus da abokan aikinsa a IBM suka fito da Fortran a 1957, gwanayen zamanin sun yi tantamar fassarar na'ura za ta iya kamo saurin abin da suke tsarawa da hannu. Suna da hujja, domin a wancan lokaci sa'a guda ta kwamfuta ta fi sa'ar ma'aikaci tsada nesa ba kusa ba. Yau lissafin ya juye, amma bai juye wa kowa ba.

Na taɓa haɗa ƙaramar na'urar auna damshin ƙasa domin wata gonar fadama, a kan allon Arduino Uno. Ma'adanar aikinta kilobayit 2 ce kacal. Python ba shi da wurin zama a irin wannan ɗan ɗaki, dole na koma wa dangin C. Haka na riƙa ƙirga kowane bayit kamar uwargida mai auna hatsi a ƙarshen bazara, ina sanin inda kowace lamba ta kwana. Akwai daɗi a wannan iko, irin daɗin maƙerin da ya san zafin wutarsa. Amma da alƙaluman suka taru, da Python na tace su, cikin layuka kaɗan, kafin shayina ya huce. Wani abin dariya ma, NumPy da na dogara da shi wajen lissafin, da C aka gina cikinsa. Ashe mai hawan bene yana tsaye ne a kan tubalin da wani ya durƙusa ya jera.

Sai dai C harshe ne mai yarda da mutum fiye da kima. In ka ce ya ɗebo abin da ya wuce iyakar rumbu, ba zai tambaye ka dalili ba. A 2014 aka gano kafar da aka laƙaba wa suna Heartbleed a manhajar tsaro ta OpenSSL: ba a duba tsawon wani saƙo ba, sai ga ɓarawo na iya kwasar har kilobayit 64 na sirri a kowace buƙata, ciki har da kalmomin sirri da makullan ɓoye bayanai. Waɗanda asirinsu ya shiga haɗari ba su taɓa rubuta ko layi ɗaya na C ba. A 2019 Microsoft ta bayyana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na kafofin tsaron da take toshewa daga kurakuran sarrafa ma'adana suke. Wannan ne ya buɗe wa Rust ƙofa, har ya shiga zuciyar Linux a 2022, ko da yake koyonsa sai mai haƙuri.

Harshen sama ma yana da mai biya: mai tsohuwar waya, wanda manhaja mai nauyi ke shanye wa batir alhali wutar lantarki ba ta da tabbas. Shi ya sa na'urar da za ta kwana a gona da ƙaramin batir nake rubuta mata C, ina ƙirga bayit. Duk manhajar da za ta karɓi saƙo daga baƙo ta intanet kuwa, ba na yarda hannuna ya zama shi kaɗai ne mai gadin rumbunta.