Mako Guda da Waƙa Mai Siffar Lu'ulu'u

Litinin

Yau na kawo wa 'yan aji biyar wata irin waƙa da ba su taɓa gani ba. Na zana siffar lu'ulu'u a allo, tsini sama, tsini ƙasa, faɗi a tsakiya kamar yankan tuwon madara, na ja layi bakwai a ciki. Wata malama Ba'amurkiya, Iris Tiedt, ce ta fito da tsarin a 1969, ta sa masa suna diamante. Layin farko suna ɗaya, na biyu sifa biyu, na uku kalmomin aiki uku, na huɗu sunaye huɗu, sai a gangaro da aiki uku, sifa biyu, a rufe da suna ɗaya. Kalma 16 ke nan, ba ƙari ba ragi. Ana iya rufewa da sunan da ya yi daidai da na farko, ana kuma iya rufewa da kishiyarsa. Ta kishiya na zaɓa musu, don ita ce ke sa yaro tunani.

Talata

Wani yaro da ya tashi a gidan da ake rera waƙoƙin wa'azi ya ɗaga hannu. "Malam, ina amsa-amon? Ai wannan ba ta reruwa." Gaskiyarsa. Rubutacciyar waƙar Hausa a kan kari da amsa-amo take tsaye, baiti bayan baiti, shi ya sa mutanen da ba su taɓa riƙe littafin Aliyu Namangi ba suke da Imfiraji a ka. Wannan kuwa ta ido ce, sai an gan ta a takarda take cika. Ban ɓoye masa ba, na ce kowace da gidanta. Abin da nake nema a nan shi ne yaron da ya saba kwafe abin da ke allo ya zaɓi kalma da kansa, ya kuma iya kare zaɓinsa.

Laraba

Sifa ce ta ci mana darasin yau duka. An yanka tsarin ne a jikin Turanci, inda sifa ke birjik. Mu kuwa sifofin da ke tsayawa da ƙafarsu ba su da yawa: babba, ƙarami, dogo, gajere, sabo, tsoho, fari, baƙi, ja da 'yan uwansu. Sauran da "mai" muke faɗarsu, mai zafi, mai daɗi, kuma da an sa su lissafin kalmomi ya karye, siffar ta karkace. Na nuna musu yadda aikatau ke haifar da sifa: bushe ya ba da busasshe, jiƙa ya ba da jiƙaƙƙe, gaji ya ba da gajiyayye. Nan aji ya kaure. Rubabbe, ƙonanne, dafaffe, fasasshe, kowa na jefo tasa har allo ya cika. Na sha koyar da wannan a darasin nahawu, amma ban taɓa ganin sun yi rububinsa haka ba, don yau buƙatarsa suke yi. Wanda ya kasa samun kalma ɗaya na bar shi ya sa "mai", gara siffa ta ɗan karkace da yaro ya ajiye biro.

Alhamis

Mun haɗu mun yi ɗaya tare:

Rani
busasshe, dogo
ƙonawa, gajiyarwa, ƙafewa
ƙura, ƙishirwa, hadari, tsawa
zubowa, tsirowa, cikawa
koriya, jiƙaƙƙiya
Damina

A layi na huɗu aka yi gardama, kuma nan ne zuciyar waƙar. Sunaye biyun farko na rani ne, biyun ƙarshe na damina, to wace kalma za ta fara juya akalar? Wasu suka ce ruwa. Wata yarinya ta ce a'a, ba a tashi daga ƙishirwa a faɗa ruwa, sai an ga hadari tukuna. Aji ya bi ta. Ita ce kuma ta lura da na rubuta sifofin ƙasa da siffar mace, ta tambayi dalili, ta ba kanta amsa: rani namiji ne, damina mace. Wannan darasi ne da yaron Amurka ba zai samu a tasa waƙar ba.

Juma'a

Ana tashi da wuri, don haka kowa ya rubuta tasa cikin hanzari. Dare da rana sun fi yawa, sai yunwa da ƙoshi, sai ƙauye da birni. Wani yaro da ke zama can baya, wanda da wuya a ji muryarsa, ya yi jinya a zangon da ya wuce. Ya fara da ciwo ya rufe da lafiya, a tsakiya ya sa allura, gado, kunu, ƙwallo. Na daɗe ina duban layin nan. Da na ce ya rubuta insha'i a kan jinyarsa, na tabbata rabin shafi ba zai cika ba.

Na liƙa takardun a bango, na ce kowa ya adana kalmomin da ya tara. Da su za mu fara baitin ƙwar biyu mai amsa-amo ranar Litinin, kuma yaron nan na ranar Talata na ɗora wa rera na farko.